Jagorar mai tace bidiyo a zangon Kumasi: yadda za ka gama aiki da wuri, aikin kuma ya yi kyau

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tace bidiyo a Aboabo ko Asawase ya san halin ranar Litinin. Asabar da Lahadi an sha awure da suna, katunan kamara sun cika maƙil, waya kuma ba ta hutawa. Uwar amarya na son ɗan guntun da za ta sa a WhatsApp, abokan ango na neman nasu na TikTok, dangin da ke Jamus da Amurka kuma cikakken bidiyon suke jira a YouTube.

In aiki ya yi nawa, yawancin matasanmu kwamfuta suke ɗora wa laifi. Gaskiya ne inji mai ƙarfi na taimakawa, amma ba a wurin yanka da haɗawa lokacin edita yake salwanta ba. Abubuwa uku ke cinye shi: neman fayil ɗin da ba a san inda aka ajiye ba, jiran kwamfutar da ke ƙagewa, da sake aikin da aka riga aka yi. Duka ukun tsari ke maganinsu, kuma tsari ba ya cin sidi ko ɗaya. Misalaina daga manhajojin tace bidiyo na Premiere Pro da DaVinci Resolve za su fito, da madannan Windows, domin su aka fi samu a hannun mutanenmu.

Mataki na ɗaya: tacewa tun daga wurin biki take farawa

In kai ne mai ɗauka, to. In wani ne, ku zauna ku daidaita kafin ranar.

Wutar lantarkin Gana kan bugun 50 a daƙiƙa take tafiya, shi ya sa talabijin ɗinmu ke aiki da firem 25 a daƙiƙa, wato hotuna 25 da ke bin juna su zama motsi. Wayoyi da kamarori da dama kuwa suna zuwa a saite kan 30 ko 60, irin na Amurka. Ka ɗauki bidiyo da 30 a ƙarƙashin fitilun masallaci ko na zauren biki, sai ka ga haske na kaɗawa, ko wasu layuka na sauka a hoton. Gyaran wannan a kwamfuta wahala ce, sau da yawa ma ba ya fita tas. Don haka kowace kamara a sa ta kan 25, ko 50 in ana son a sassauta tafiyar hoto daga baya, gudun shata, wato tsawon lokacin da kamara ke buɗe wa haske a kowane firem, kuma ya zama 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Mai iPhone ya shiga saitin kamara ya kunna Show PAL Formats, zai samu 25. A nan kuma ya kashe HDR Video, don in ba haka ba hotonsa na iya shigowa cikin aikinka fari fat, ya bambanta da na sauran.

Sai sauti. Makirufon da ke jikin kamara hayaniyar taro kawai yake kwasowa. A jona ƙaramar na'urar naɗar sauti a miksar mai lasifika, ko a maƙala wa liman ƙaramin makirufo a wuyan riga lokacin ɗaurin aure. Da an kunna kamarori duka, mutum ɗaya ya tafa hannu da ƙarfi sau ɗaya a gabansu. Amfanin wannan tafin zai zo a gaba.

Mataki na biyu: kwafewa da shirya folda

Kada ka taɓa yin tacewa kai tsaye daga katin kamara. Kada kuma ka tsinci fayilolin bidiyo kaɗai ka bar sauran. Kwafe katin gaba ɗaya yadda yake, da duk ƙananan foldojin cikinsa, domin wasu kamarori na ajiye bayanan da manhaja ke buƙata a cikinsu.

Kowane aiki folda ɗaya, sunanta kuma ya fara da kwanan wata, shekara a gaba: 2025-05-18_Awure_Sawaba. Da haka kwamfuta za ta jera maka ayyuka bi da bi da kanta. A ciki ka buɗe ƙananan foldoji masu lamba: 01 na bidiyo, 02 na sauti, 03 na hotuna da rubutu, 04 na fayil ɗin aikin, 05 na abin da aka fitar. A cikin ta bidiyo kowace kamara da tata folda, kowane kati da tasa. Dalili shi ne kamarori biyu iri ɗaya za su ba ka fayil biyu masu suna ɗaya, kamar C0001, ranar da manhaja ta rikita su kuwa za ka tarar da walima a inda ka sa ɗaurin aure. Ka yi wannan jerin foldoji sau ɗaya babu komai a ciki, ka ajiye, duk sabon aiki ka kwafe shi ka sauya suna. Bayan ka shigar da fayiloli cikin manhaja, kada ka ƙara sauya musu suna ko wuri.

Ka san nauyin kayan da kake ɗauka. Kamarar da ke naɗa a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin kimanin gigabait 45 a awa ɗaya. Kamara uku, awa huɗu kowace, ka tashi da gigabait 540 a biki guda. Kuma kwafi ɗaya bai isa ba. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. In uku ta yi maka yawa yanzu, biyu dole ce, kuma ba a goge kati sai an buɗe kwafin biyu an ga suna aiki. Fim ana iya sake ɗaukarsa. Ɗaurin auren 'yar mutane ba a sakewa.

Wata 'yar shawara ga mai zuwa Adum sayen kati ko faifan ajiya: akwai jabun da ke nuna girman da ba shi da shi, ya karɓi fayil lafiya lau, sai an zo buɗewa a tarar babu komai. Ƙaramar manhajar H2testw kyauta ce, tana cika katin ta karanta ta gaya maka gaskiyar girmansa. Gwada kafin ka kai shi wurin biki.

Mataki na uku: saita aikin kafin ka shigar da komai

A Resolve wannan ba abin wasa ba ne: da ka shigar da bidiyo, adadin firem na aikin ya kulle. Don haka fara shiga Project Settings ka sa 25, girman hoto 1920 da 1080 in ba an biya kuɗin 4K ba. Sauti 48 kHz.

Sai batun wuta. Wanda ya yi aiki a shekarar 2015 lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya yi tsanani ba ya bukatar wa'azi a kan wannan. A Premiere ka shiga Auto Save ka mayar da shi kowane minti 5. A Resolve ka tabbata Live Save na kunne, da Project Backups, ka kuma nuna masa wani faifai daban da wanda aikin yake ciki. Mai babbar kwamfuta ta tebur ya sayi UPS, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kafin ya sayi sabon gilashin kamara. Ba don ya ci gaba da aiki ba, don ya samu 'yan mintunan da zai adana ya kashe lafiya, saboda yankewar wuta a lokacin da faifai ke rubutu kan lalata fayil.

Fayilolin da kake aiki da su a yanzu su zauna a SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa. Faifai mai juyawa yawanci megabait 100 zuwa 150 yake yi a daƙiƙa, SSD na yau da kullum kan kai 500, nau'insa na NVMe kuma dubbai. Mai juyawan a bar shi ga ajiya. Laftof kuma a ɗaga bayanta iska ta shiga, a riƙa hure ƙurar fankarta musamman lokacin hunturu, domin da ta yi zafi da kanta take rage gudu.

Mataki na huɗu: furoksi, maganin ƙagewa

A nan ne na fi ganin mutane suna shan wahalar da ba dole ba. Mutum zai danna kunnawa, hoto ya tafi yana tsalle, ya dawo baya ya sake, haka har dare.

Ga abin da ke faruwa. Kamarori da wayoyi na naɗa da tsarin matse bidiyo na H.264 ko H.265. Don fayil ya yi ƙanƙanta, ba kowane firem ake ajiyewa cikakke ba. Ana ajiye ɗaya cikakke, waɗanda ke biye kuma bambancinsu da shi kawai ake rubutawa. In ka tsaya a tsakiya, dole kwamfuta ta koma baya ta yi lissafi kafin ta nuna maka hoton. Kallo daga farko zuwa ƙarshe babu matsala. Edita kuwa gaba da baya yake yi duk yini, ga kamara uku a jere, shi ya sa inji ke gajiya.

Furoksi wani kwafi ne mara nauyi na kowane bidiyo, wanda kowane firem nasa cikakke ne. Da shi kake yanka, in an zo fitarwa manhaja ta koma kan na asali da kanta. Inganci ba ya raguwa ko kaɗan.

A Premiere: zaɓi bidiyoyin duka, danna maus ta dama, Proxy, sannan Create Proxies, ka zaɓi ProRes Proxy a rabi ko rubu'in girma. Media Encoder, manhajar da ke tafiya tare da Premiere, zai yi aikin. Ka fito da maɓallin Toggle Proxies a ƙarƙashin allon kallo ka kunna shi. A Resolve: zaɓi bidiyoyin a Media Pool, danna dama, Generate Proxy Media, sannan a Playback ka zaɓi Prefer Proxies. DNxHR LB ko ProRes Proxy duk sun wadatar.

Aikin yana ɗaukar lokaci, saboda haka ba da rana ake yinsa ba. Daren da ka dawo daga biki, kwafe, shigar, sa furoksi ya fara, ka je ka kwanta. Da asuba ka tarar da shi a shirye.

Bidiyon da 'yan biki suka turo daga wayoyinsu yana da tasa matsalar: adadin firem ɗinsa hawa da sauka yake yi, sai ka ga baki na motsi murya ta yi gaba. Ka fara wuce da shi ta HandBrake, wadda kyauta ce, ka zaɓi Constant Framerate a kan 25, sannan ka shigar.

Mataki na biyar: haɗa kamarori, sannan ka saki maus

Kada ka zauna daidaita kamara uku da ido. Zaɓe su tare da fayil ɗin sauti, a Premiere ka danna Create Multi-Camera Source Sequence ka ce ya daidaita da sauti, a Resolve kuma Create New Multicam Clip. Manhaja za ta saurari kowanne ta jera su. In kiɗa da hayaniya sun rikita ta, nemi tafin nan, zai fito a zanen sauti kamar tsini, ka jera su a kansa. Daga nan bidiyo na tafiya kana danna 1, 2, 3 kana sauya kamara. Wa'azin awa ɗaya ko zaman tafsiri, kusan a tsawon lokacinsa za ka gama yanka shi.

Yanzu ga abin da ya raba wanda ya ƙware da ɗan koyo. Ɗan koyo hannunsa na kan maus, yana ja yana saki. Ƙwararre hannunsa na kan madannai. Waɗannan su ne na farko, kuma iri ɗaya ne a manhajojin biyu: L gaba, J baya, K tsayawa. Danna L sau biyu gudu ya ninka. I alamar farkon abin da kake so, O alamar ƙarshensa, M kuma alamar tunatarwa. Kibiyar sama da ta ƙasa na kai ka yankan baya ko na gaba.

A Premiere, maɓallin waƙafi (,) na cusa guntun da ka zaɓa cikin layin aiki, wato inda kake jera guntayen bidiyo, na aya (.) kuma na ɗora shi a kan abin da ke wurin. Ctrl da K na yanka. Q na share daga yankan baya zuwa inda ka tsaya ya kuma rufe gurbin, W na yin haka ta gaba. Waɗannan biyun kaɗai sun isa su sauya maka rayuwar aiki, domin abin da kake yi da motsi huɗu, wato yanka, zaɓa, gogewa da jawowa, ya koma danna ɗaya. A Resolve F9 ke cusawa, F10 ke ɗorawa, Ctrl da B na yanka, Shift da Backspace na gogewa tare da rufe gurbi. Wanda ya baro Premiere zuwa Resolve ba sai ya sake hadda ba, a Keyboard Customization akwai tsarin madannan Premiere a shirye.

Kada ka ce za ka haddace su duka rana ɗaya. Ɗauki uku, rubuta a takarda, manna a gefen allo, ka hana kanka taɓa maus a kansu har mako ya zagayo. Kwana biyun farko za ka ji kamar ka fi nawa. Daure.

Da wannan za ka yi tsinta. Kalli duk abin da aka ɗauka a ninkin gudu, kana ɗebo masu kyau zuwa wani layin aiki na daban, kowane sashe da nasa: lalle, ɗaurin aure, walima, kai amarya. Ba ka gyara komai a nan, ɗiba kawai. Ka sa alama a fuskokin da ba a isa a bari ba: iyaye, waliyyai, liman, sarakunan zango da suka halarta, kakar da aka ɗauko daga Tamale ko Bawku. Bidiyo ko ya kai ina a kyau, in babu gwaggon ango a ciki, zai dawo maka.

Mataki na shida: jerin aiki, wanda shi ne ƙashin bayan komai

Yanka tukuna. Sannan mai aiki ya gani ya amince. Sannan sauti, sannan launi, sannan rubutu da ado. Tela ba ya yi wa riga aiki a wuya kafin ya yanka ya haɗa ya gwada wa mai ita. Amma sai ka ga edita ya kwashe awa biyu yana gyara launin wani guntu, washegari a ce a cire guntun. Banda asarar lokacin, kowane ado da ka ɗora nauyi ne a kan kwamfuta, sauran yankan duk a cikin ƙagewa za ka yi shi.

Da ka gama yanka, kwafi layin aikin ka sa masa lamba, na 1, na 2, na 3, kada ka yi gyara a kan tsohon. Fitar da ƙaramin kwafi na 720, da agogon bidiyo a rubuce a kusurwa da tambarinka a tsakiya. Tura ta WhatsApp a matsayin fayil, hanyar da ke ɗaukar har gigabait 2 ba tare da ta matse hoton ba. Sannan ka yi magana a fili:

"Hajiya, don Allah ku zauna ku kalla tare da Alhaji da amarya. Duk abin da kuke so a cire ko a ƙara, a rubuto mini da mintinsa, a saƙo ɗaya. Gyara sau biyu yana cikin kuɗin da muka yi. Na uku kuma sai mun sake magana."

Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma tun ranar karɓar kafin alƙalami ya kamata a faɗe shi. In ba ka faɗa ba, yau ƙanwar amarya ta kira, gobe abokin ango, kowa da nasa gyaran, wani ma ya saɓa wa na wani. A wannan zaman ne kuma za ka tambayi abin da ya halatta ya fita waje. Hotunan cikin ɗaki, na lalle da na mata suna rawa a tsakaninsu, amana ce aka ba ka. Akwai gidajen da ke son kwafi biyu, na iyali da na jama'a. Kada ka ɗora ko daƙiƙa goma a shafinka don tallar aikinka sai da izininsu.

Mataki na bakwai: sauti

Mutane na haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa haƙuri da maganar da ba a ji. Ware layuka: magana a nata, kiɗa a nasa, hayaniyar wuri a nata. Da haka gyara ɗaya a kan layi ya wadatar da duk guntayen da ke kansa. Magana ta riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6 a ma'auni, kada komai ya taɓa sifili. Yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz a layin magana, gurnanin janareta da iska za su ragu. Ƙugin da ke shigowa ta wayar miksa yawanci a 50 Hz yake, da 100 da 150, a nan za ka rage shi. In YouTube za a kai, ƙarfin sautin gaba ɗaya ya tsaya kusa da -14 a ma'aunin LUFS, wanda ya wuce haka su da kansu za su sassauta shi.

Abu biyu da ba a manhaja ake koyonsu ba. Ba a sa kiɗa a ƙarƙashin karatun Alƙur'ani, huɗuba ko addu'a, kuma ba a yanke aya a tsakiya don a rage tsawo. In karatun bai zauna maka ba, kira wanda ya sani ya nuna maka inda ake tsayawa. Na biyu, waƙoƙin da mai kiɗa ya saka a wurin biki na iya sa YouTube ta kama bidiyon da haƙƙin mallaka, har ta toshe shi a wasu ƙasashe. Ɗora shi a ɓoye tukuna ka ga abin da za ta ce kafin ka raba wa dangi.

Mataki na takwas: launi

Idonka na gajiya, allon laftof kuma ba abin dogaro ba ne. Buɗe ma'aunan hoto, Lumetri Scopes a Premiere ko Scopes a shafin Color na Resolve. Matsalarmu sananniya ce: farar shadda a tsakar rana da baƙar fuska a ƙarƙashin hula. Ka bi fuska riga ta ƙone, ka bi riga fuska ta ɓace. A ma'aunin haske ka sauko da farin ƙasa da 100 har zaren aikin rigar ya bayyana, sannan ka ɗaga tsakiya don fuska, ba duka hoton ba.

Rumfunan haya ma na zuba launinsu a kan mutane, ja ko shuɗi ko kore. Nemo wani abu da ka san fari ne a hoton, hula ko mayafi, ka daidaita farin da shi. A ma'aunin launi mai da'ira akwai layin fata, kuma fatar ɗan Adam, baƙa ko fara, kusa da wannan layin take faɗawa. Ka kai ta can ka tsaya. Ina roƙon 'yan'uwana editoci su daina ɗashe fuskar amarya har danginta su kasa gane ta. Fatarmu in an haska ta daidai ba ta bukatar a sauya mata kama.

Don sauri, zaɓi kamara ɗaya ta zama ma'auni, ka daidaita sauran da ita. Gyara guntu ɗaya a kowane yanayin haske, kwafe, ka manna wa 'yan'uwansa: Ctrl, Alt da V a Premiere, Alt da V a Resolve. Salon launin da kake so bidiyon duka ya ɗauka kuma a shimfiɗa ɗaya ta sama ake sa shi, wato Adjustment Layer, ba guntu-guntu ba.

Mataki na tara: rubutu

Yawancin zanen haruffa na ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ, ba su kuma da ɛ da ɔ na Twi, sai ka ga akwati a tsakiyar suna. Noto Sans na da su duka, kyauta ne. Rubutun Larabci ka duba da kyau kada haruffa su rabu ko su juya. Sunaye da laƙabi kuwa, sa mai aiki ya rubuto da hannunsa ka kwafa. Tambarinka, zanen sunaye da buɗewa, ajiye su cikin wani aiki na musamman da za ka riƙa buɗewa kowane lokaci, a Resolve kuma Power Bins na nuna su a kowane aiki.

Mataki na goma: fitarwa da miƙawa

Fara fitar da uwar kwafi mai inganci ɗaya. Daga gare ta za ka ciro sauran, ba sai kwamfuta ta sake lissafin launi da ado kowane karo ba. Na YouTube a 1080, H.264 cikin MP4, megabit 8 zuwa 12 a daƙiƙa ya isa, a kan 8 awa ɗaya na kamawa kusan gigabait 3.6, sai ka san datar da za ka saya. Na TikTok da WhatsApp a tsaye, 1080 da 1920, kuma ka bi guntayen ɗaya bayan ɗaya ka tabbata ba a yanke kan kowa ba. Ajiye kowane saiti da suna, jera su duka a layin jira na Media Encoder ko shafin Deliver, su fita da dare.

In a fendiraif za a kai don kallo a talabijin, ka tuna tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. exFAT na karɓa, amma wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta shi. Tambayi irin na gidan, in tsoho ne ka raba bidiyon kashi biyu ko uku. Kafin ya bar hannunka kalle shi daga farko har ƙarshe, a waya da kuma talabijin, domin baƙin gurbi na firem ɗaya ko sunan da aka rubuta ba daidai ba sai a nan suke fitowa. Cikon kuɗi ya shigo ta MoMo, sannan kwafi mara tambari ya fita.

Bayan an karɓa, tattara aikin da Project Manager a Premiere ko Export Project Archive a Resolve, ka mayar da shi faifan ajiya. Goge furoksi da tarkacen da manhaja ta tara, ana iya sake yinsu in an bukata, SSD kuma ya samu wurin aikin mako mai zuwa. Ka rubuta a rasit tsawon lokacin da za ka riƙe ainihin abin da aka ɗauka, wata uku ko shida, gwargwadon faifan da kake da shi. Wanda ke son a ajiye masa fiye da haka ya kawo nasa faifan a zuba masa.